Inda Kwalta Ta Ƙare

Daren da muka tare, barci ya ƙi ni.
Shekara goma sha ɗaya a gindin wata gada a Jakarta,
kunnena ya saba da gurnanin manyan motoci
yadda ɗan maƙeri kan yi minshari ana dukan ƙarfe.
Nan kuwa shiru ya hau ƙirjina ya zauna.
Na tashi Wiryo, na ce, "Ka ji?"
Ya ce, "Me?"
Na ce, "Abin ke nan. Babu komai."

Ɗaki biyu ne, da ɗan tsakar gida
wanda zani uku kan cika shi ranar wanki.
Hayar shekara a nan
ba ta kai ta wata huɗu a can ba,
can inda ruwa kan shigo har gado kowace damina,
ba sallama,
ya ɗauke takalman Galih, ya bar mana laka tukuici.

Amma ba kyauta aka ba mu ba.
Da asuba muke biyan ciko.
Huɗu da rabi ina bayan Wiryo a kan babur,
biyar saura jirgin ƙasa ya haɗiye ni a tsaye.
Tasha goma sha tara, hannu a sama,
goshina a kafaɗar wata da ban san sunanta ba,
ko da yake na san turarenta,
na kuma san ranar da ta kwana tana kuka.
In na isa otal sai in goge zannuwan gadon
mutanen da ba su taɓa jin sunan unguwarmu ba.

An ce araha ba ta ado.
Mai faɗa ya zo ya ga gwandar da ta fito don kanta
a bakin kwatarmu,
'ya'ya bakwai, ba wanda ya tsinka bai tambaya ba.
Ya zo da la'asar,
sa'ad da tsohuwa Sutinah ke tsame awara daga mai,
tana rubuta bashin maƙwabta da alli a jikin ƙofa.
In ruwan sama ya wanke, sai ta ɗaga kafaɗa:
"Wanda ya goge ya fi ni sanin lissafi."

Bayan gidan ƙarshe fadamar shinkafa ce.
Balbelu na takawa a ciki, a hankali, kamar duba-gari.
Galih da ya zo yana tsoron kwaɗi
yanzu shi ke yi musu kuka, su amsa.

Da dare Darsim mai gadi
kan bugi turken lantarki da guntun rodi.
Sau ɗaya, ƙarfe ɗaya. Sau biyu, ƙarfe biyu.
Wani lokaci ya makara, ko ya ƙara ɗaya,
ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.
A tsakanin bugun nan na koyi barci.

Makon jiya wasu masu hular kwano
suka shiga fadamar da igiyar awo,
suka kafa turaku masu jan kai, suka tafi.
Washegari mai gida ya gaishe mu, gaisuwa mai tsawo,
har ya tambayi lafiyar surukata,
kafin ya tambayi watan da hayarmu ke cika.
Wiryo bai ce uffan ba sai da muka shiga ɗaki:
"Birnin ya shinshino sawunmu."

Duk da haka na binne ƙwallon mangwaro a bayan ɗaki.
Sutinah ta ce sai ya shekara biyar.
Na ce na sani.
Na kewaye shi da fasasshen bokiti saboda kajin Darsim.

Yanzu ga shi na farka, ban san dalili ba.
Tsaka na motsi a jikin rufi, kwaɗi sun yi tsit.
Can ƙasan layi ƙarfe ya yi ƙara.
Ɗaya.
Biyu.
Uku.
Na jira na huɗu, bai zo ba.
Na ja mayafi, na juya wa taga baya.